Makin Mai Usur

Litinin, 6 ga Janairu, ƙarfe tara na safe

Jami'ar garinmu ta sanar da sabbin masu horar da 'yan ƙwallo, ƙwallon Amurka irin ta sa hular kwano. Hoyt Mabry, abokin aikina a shirin rediyo na ranar Juma'a, shi ya bugo mini yana haki, sai ka ce shi aka ɗauka aikin.

"Mis Verna, ki nemo jan bironki! An kawo miki sabbin ɗalibai."

Tun da na yi ritaya daga koyar da 'yan aji uku wannan ya zama sana'ata a Harlow Springs: duk kocin da aka kawo, in auna shi in ba shi maki a rediyo, A ko B ko abin da ya sawwaƙa. Mutane kan ce makin Mis Verna ya fi na shugaban jami'a nauyi. Zuƙi ta malle ce, amma ba na hana su faɗa.

Bana abin ya shigo har gidana. Autana Cedric ya yi wa jami'ar alƙawari tun bara cewa su zai buga wa, ya sallami duk makarantun da suka neme shi. Larabar farkon Fabrairu zai sa hannu.

Hoyt ya jero sunaye. Babban koci, Wade Culpepper. Na masu kai hari, Pellerin, mutumin Louisiana. Na masu tsaron gida, Oakes. Sai ya ce, "Na ƙarfafa jiki kuma wani Rusty Dorn. An ce rago yake karɓa ya mayar da shi namijin duniya."

Na ce masa ina da tukunya a kan wuta. Ba ni da komai a kan wuta.

Litinin, la'asar

Wataƙila wani Dorn ɗin ne. Ƙasar nan tana da faɗi.

Talata, 7 ga Janairu, da safe

Hotonsa ya fito a jarida. Ya yi ƙiba, ya aske kai. Igiyar usur ɗin da ke wuyansa har yanzu ja ce.

Alhamis, 9 ga Janairu, bayan cin abincin yamma

Cedric ya cinye tarwaɗa uku da rabin burodin masara, bakinsa bai huta da zancen sabbin koci ba. Yaron nan in yana murna har kunnuwansa motsi suke.

"Mama, kin san abin da ake cewa a kan Koci Dorn? Duk inda ya je, kofi sai ya biyo shi."

Na ce ya ci ganyensa.

Jininsu ɗaya da yayansa. AS, su biyun. Likita ya gaya mini tun suna goye cewa ba ciwo ba ne, mutum zai yi rayuwarsa lafiya lau, sai dai in an matsa wa jiki ba hutu, jinin yakan sarƙe. Wancan Fabrairun, shekara tara ke nan, a wata jami'a can arewa, wurin atisayen asuba, ba a bar yayansa ya huta ba. Cedric yana ƙarami lokacin. Abin da ya sani shi ne mun kai yayansa makaranta a mota muna waƙa, aka dawo mana da shi a jirgi.

Rahoton da suka fitar bai kama sunan wanda ke riƙe da usur ba. "Wani mataimaki," haka suka rubuta. Amma ni na gan shi a barandar asibiti yana cin gyaɗa daga leda, kuma abokin ɗakin ɗana ya gaya mini sunansa ranar jana'iza.

Ban ce wa Cedric komai ba.

Juma'a, 10 ga Janairu, bayan shiri

Gidan gashin nama na Earl ya cika maƙil, kamar kullum in za mu gabatar da shiri daga can. Hayaƙin haƙarƙari, tsofaffi da hulunan kore da ruwan gwal, launin jami'a, kowa koci ne a bakinsa.

Na fara da Culpepper. Na ce ya iya magana, ya iya murmushi, haƙoransa sun fi na mai tallan man goge baki. Amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Na ba shi B.

"B?" in ji Hoyt. "Haba Mis Verna, mutumin da bai yi rashin nasara ko sau ɗaya ba!"

"Ai bai buga ko sau ɗaya ba, tsohon banza. Kai ma ba a taɓa cin ka a dambe ba."

Aka yi ta dariya. Ni ma na yi. Na ji muryata tana fita daidai, har na yi mamakin ta.

Lahadi, 12 ga Janairu, bayan coci

Yaya Ola ta tare ni a wurin ajiye motoci. Ita kaɗai ta san sunan mai usur ɗin, ban da ni.

"Verna, shi ne ko?"

"Shi ne."

"To me kike jira? Ki zaunar da yaron nan ki gaya masa."

"In gaya masa ya je ina? Ko'ina an cika."

Ta gyara hularta ta coci. Can ta ce, "Ko dai mun tsorata ne kawai? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shekara tara ba kwana tara ba ce. Mutum yakan canza."

Na ce wannan ba tsumma ba ne, Yaya, macijin ne da kansa. Ta riƙe hannuna har motarta ta yi ɗumi.

Talata, 14 ga Janairu, da rana

Na share ɗakin yayansa. Ba datti, na dai share.

Juma'a, 17 ga Janairu, bayan shiri

Pellerin, A. Na kalli wasannin da ya shirya a tsohuwar makarantarsa, mutumin yana da kai. Oakes, C, don masu tsaron gidansa na bara ƙofar kasuwa ce, kowa wucewa yake.

Buford na bakin gada ya bugo, shi da ba ya fashi. "Mis Verna, saura gwanin namu fa! Koci Dorn! An ce yaran har amai suke a bokiti. Abin da muka rasa ke nan a garin nan, an mayar da yara 'yan lelen mama."

Na ce lokaci ya ƙure, sai mako mai zuwa. Hoyt ya kalli agogo, ya kalle ni. Akwai sauran lokaci, har sai da ya cike da labarin farashin waken suya.

Laraba, 22 ga Janairu, ƙarfe bakwai na safe

Ban san abin da ya kai ni ba. Gari bai waye ba na tsinci kaina a mota, a gefen babban zauren atisaye na jami'a. Ba a barin kowa ya shiga. Tagogin can sama suke, haske kawai ake gani.

Amma ana ji. Usur, sai takun ƙafafu kamar an saki shanu. Usur, sai shiru. Sai wata murya: "A koma farko!" Usur kuma.

Na zauna har yatsuna suka ƙage. Da suka fito, manyan samari riƙe da juna, na ga wani daga baya mai irin tafiyarsa, kafaɗar hagu a ɗan sauke. Har na buɗe ƙofar mota. Ɗan wani ne.

Juma'a, 24 ga Janairu

Na ce wa Hoyt mura nake. Shi kaɗai ya yi shirin.

Asabar, 25 ga Janairu, da hantsi

Ranar Talata za su zo gida, kamar yadda ake yi wa duk yaron da zai sa hannu. A zauna a falo, a ci abincin uwa, a yabe shi, a rantse za a riƙe mata ɗa amana. Cedric ya ce Culpepper zai zo da Koci Dorn musamman, saboda zancen jinin nan, don hankalina ya kwanta.

"Kin ga yadda suka damu da ni, Mama?"

Yana ta goge tagogi ba wanda ya sa shi. 

Talata, 28 ga Janairu, bayan tafiyarsu

Na soya kaza, na yi ganye da dankali, na haɗa shayi mai ƙanƙara. Ba za a ce an zo gidan Tolliver an tashi da yunwa ba, ko wane ne.

Dorn bai gane ni ba. Ya cire hula a bakin ƙofa, ya ce, "Ranki ya daɗe, mun sha jin labarin jan bironki." Hannunsa da ɗumi, irin na kowa. Na zata zan ji wani abu dabam.

Sun ci, sun ƙara. Culpepper ya yi bayani mai kyau: akwai likita a bakin fili kullum, akwai iskar numfashi a tukunya, kuma duk yaro mai AS an ba shi izini, da ya ji jikinsa ba daidai ba ya ɗaga hannu ya fita.

Na juya wurin ɗayan. "In ya ɗaga hannun, sauran fa?"

Ya goge baki. "Ba wanda ake tilasta wa, ranki ya daɗe. Ganin dama ne."

"Na ji. Sauran fa?"

"To, sauran sukan koma farko. Ƙungiya tsintsiya ce, maɗaurinta ɗaya. In ɗaya ya zare, kowa ya ji a jikinsa. Haka ake gina maza."

Muka koma falo shan kofi. A nan Dorn ya ga hoton yayan Cedric da ke kan talabijin: shuɗiyar riga mai lamba a ƙirji, hular kwano a hammata, murmushin nan mai wushirya. Ya tsaya cak, kofin a hannunsa.

"Kai! Arba'in da huɗu! Ashe ɗanki ne?"

Na ce nawa ne.

Idanunsa suka kawo ruwa, na gani da idona, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya dafa ƙirji. "Ranki ya daɗe, ba ranar da ba na tuna yaron nan. Duk makarantar da na je sai na tara yara na ba su labarinsa. Ina ce musu, na taɓa horar da wani, arba'in da huɗu, ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa, yana rarrafe, amma ya ƙi ɗaga hannu, don kada 'yan'uwansa su koma farko. Har ƙarshe bai ɗaga ba. In na ba da labarin nan, wallahi ba yaron da ke sake ɗaga hannu a shekarar."

Ya faɗa ne don ya faranta mini. Abin da ya fi tsaya mini a rai ke nan.

Culpepper ya sunkuyar da kai yana juya cokali. Na dubi Cedric. Ya ƙura wa hoton ido, ƙirjinsa a buɗe, fuskarsa tana haske irin wanda ban taɓa gani ba. Na ji tsoro ya kama ni tun daga tafin ƙafa.

Na ƙunsa musu sauran kazar suka tafi da ita.

Laraba, 29 ga Janairu, da safe

Na tare shi kafin ya fita makaranta. Na gaya masa komai, har gyaɗar.

Ya saurara har na gama. Sai ya ce, "Na sani, Mama. Na daɗe da sani. Abokin ɗakin Yaya ya gaya mini tun ina aji tara."

"Ka sani kake goge masa tagogi?"

"Kin ji abin da ya ce jiya? Yaya bai taɓa ɗaga hannu ba. Ke ba ki taɓa gaya mini haka ba. Kullum sai dai an cuce shi, an cuce shi. Ashe namiji ne."

"Shi ya sa ba ya nan, Cedric."

"Yanzu akwai likita."

"To yi mini alƙawari ɗaya. In ka ji ƙafafunka sun yi nauyi, za ka ɗaga hannu."

Ya yi dariya, ya sumbaci goshina. Sai ya sunkuya yanzu kafin ya kai. "Mama, ni ƙanin arba'in da huɗu ne. A gaban mutumin nan zan ɗaga hannu?"

Ya ɗauki jakarsa ya fita. Rabin rayuwata na yi ina ce wa 'ya'yan mutane, in kuna da matsala ku ɗaga hannu.

Alhamis, 30 ga Janairu

Saura kwana shida. Na ji usur a cikin kukan butar shayi, na kashe wutar.

Juma'a, 31 ga Janairu, bayan shiri

Hoyt bai san komai ba, kada in ɗora masa laifi. Ya ga ina ta ja da baya da makin ƙarshe, sai ya yi mini bazata: ya gayyato mutumin da kansa gidan Earl. Na shiga na tarar da shi a kujerar tsakiya, an sa masa abin magana, ana ta tafi.

"Yau dai ba mura ba tari, Mis Verna," in ji Hoyt. "Ga ɗalibi, ga jan biro."

Na zauna. Ban shirya komai ba, Ubangiji shaida ne.

Na ce, "Koci, tambaya ɗaya ce jarrabawar. Ranar Talata a falona ka ce ba ranar da ba ka tuna ɗana, wanda ya faɗi a gabanka yana rarrafe kana hura usur. Ka ce da labarinsa kake hana yara ɗaga hannu. Mene ne sunansa?"

Cokula suka tsaya. Har Earl ya fito daga wurin gashi.

"Ranki ya daɗe, arba'in da huɗu yaro ne da..."

"Wannan lambar riga ce. Sunansa."

"Tolliver."

"Wannan na ubansa ne. Jiya-jiyan nan ka koye shi. Sunan da na raɗa masa."

Ya buɗe baki, ya rufe. Ya dubi Hoyt. A rediyo babu zunubin da ya kai shiru, Hoyt ne ya koya mini, amma ko shi bai iya cewa uffan ba. Duk gundumar nan ta zauna tana sauraren shirun mutumin.

Na ce, "Desmond. Sunansa Desmond." Na cire abin maganar na ajiye.

Rabona da faɗin sunan da ƙarfi har na manta. Yanzu ma da na rubuta shi, sai da na tashi na sha ruwa.

Asabar, 1 ga Fabrairu, da rana

Waya ba ta huta ba. Wasu mata sun bugo suna kuka. Buford ya ce in ji da gidana in bar ƙungiya ta ci gaba. Wani ya cire tutar jami'a daga akwatin wasiƙunmu ya jefa a kwata.

Jami'a ta ce tana bayan dukkan masu horarwarta.

Cedric ya ji shirin a motar abokinsa. Ya shigo, ya wuce ɗaki. Abincinsa na nan a rufe.

Litinin, 3 ga Fabrairu, la'asar

Culpepper ya bugo. Ni ya nema, ba yaron ba. Murya kamar zuma. Ya ce likitocinsu sun sake duba sakamakon jinin Cedric, sun ga ba za su iya ɗaukar alhaki ba, don haka sun janye gurbinsa. Ya ce ai ni ma na fi kowa fahimta. Ya ce suna yi masa fatan alheri.

Sakamakon da ke hannunsu tun bara.

Da na ajiye wayar, na durƙusa a kicin na ce na gode Ubangiji. Na faɗa da ƙarfi. Da na ɗago, Cedric yana tsaye a bakin ƙofa. Ban san tun yaushe ba.

Laraba, 5 ga Fabrairu, da yamma

Yau aka sa hannu. Na je, don ba zan ɓuya ba. A ɗakin taron sakandare an jera teburi, kowane yaro da hulunan makarantun da suka neme shi a gabansa, ya ɗauki ɗaya ya sa, iyaye su yi guɗa. An cire kujera ɗaya daga ƙarshe, amma ba a matsar da sauran ba, gurbin yana nan kowa na gani.

Cedric ya tsaya can baya yana tafa wa abokansa. Ya tafa wa kowa har aka gama. Na nufe shi, ya bi ta ɗaya ƙofar.

Yaya Ola ta ce in ba shi lokaci, wanda ke da rai shi ke fushi.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Yana nan. Yana numfashi. Ina jin sa ta bango. Abin da na roƙa ke nan.

Asabar, 8 ga Fabrairu, ƙarfe takwas na safe

Kocinsa na sakandare ya gaya wa Ola, Ola ta gaya mini. Akwai wata ƙaramar makaranta da za ta yi gwaji a watan Afrilu, wai Cedric ya ce zai nuna wa duniya jininsa lafiya lau. Tun ranar Talata yake fita da asuba, ni ina tsammanin yana ɗaki.

Yau na bi shi a mota. Tudun bayan tsohuwar masana'antar auduga yake zuwa, inda ba gida ba kowa. Ya hau da gudu, ya sauko, ya sake hawa. Ko gorar ruwa bai ɗauka ba. Na haska masa fitila, bai juyo ba.

Can na ga ya dafa gwiwa, kafaɗarsa na sama da ƙasa. Na sauke gilashi na ce, "Cedric, ya isa haka! Ka huta, don Allah!"

Bai dube ni ba. Ya tofar da yawu, ya miƙe. Na ji shi da kunnena, a hankali, da kansa yake magana.

"A koma farko."

Ya juya ya sake hawa. Da a jami'a ne, akwai likita a bakin fili. Nan ni kaɗai ce, ni kuwa ya daina jin maganata.